Ƙasar Sin a Rumfunan Bodija: Kira ga 'Ya'yan Sabo Masu Neman Digiri na Biyu

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu 'yan kasuwa, da ɗaliban da suka gangaro daga Jami'ar Ibadan.

An ba ni batun nazarin tattalin arzikin ƙasar Sin a matakin digiri na biyu da na uku. Na san akwai dattijon da ke cewa a ransa, ina ruwan mai sayar da wake a Bodija da Beijing? To Alhaji, wayar Tecno da kake kiran dillalinka na Dawanau da ita, ta kamfanin Transsion ce na birnin Shenzhen. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Moniya zuwa Legas tun 2021, kamfanin CCECC ne ya shimfiɗa masa dogo, akasarin kuɗin kuwa rance ne daga bankin Exim na Sin, kuma da harajinka za a biya.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin Sin na zamani shi ne daga gona aka faro. A ƙarshen 1978, manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka raba gonar gandu a tsakaninsu a asirce: kowa ya ba hukuma kasonta, saura nasa ne. Amfanin gona ya yi albarka, gwamnatin Deng Xiaoping ta bar tsarin ya bazu. Sai da ciki ya cika masana'antu suka kankama. An ware Shenzhen a matsayin yankin tattalin arziki na musamman a 1980, Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ta wuce Japan ta zama ta biyu a duniya a girman tattalin arziki a 2010, ta ƙaddamar da shirin Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya a 2013, Najeriya ta sa hannu a 2018. Waɗannan shekaru ɗan sakandare ma zai haddace su a dare ɗaya. Mai digiri na biyu aikinsa ya tono yadda bankunan gwamnati ke raba rance, yadda shugabannin larduna ke gasar jawo jari don samun ƙarin girma, da yadda rajistar hukou ta bar ɗan ƙauye ya yi ƙwadago a birni ba tare da cikakken haƙƙin ɗan birni ba, abin da ya taimaka kayan Sin suka yi araha.

Arahar nan mu ma ta taɓa mu. Masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Ɗora wa Sinawa laifin duka lalaci ne, don rashin wuta da fasa-ƙwauri namu ne. Amma nawa ne kason kowanne? Wannan tambayar lissafi take so, ba zafin rai ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake wannan magana a nan. A farkon shekarun 1960 wani masani, Abner Cohen, ya zo ya zauna a Sabo, unguwar da aka kafa tun 1916, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda kakanninmu suka riƙe fataucin shanu da goro. Ya bayyana yadda maigida ke saukar da baƙo, ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi ba tare da takarda ba. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. To, je ka Guangzhou ko kasuwar Yiwu ka ga yadda ɗan kasuwarmu ke sauka: akwai mai tarbarsa, mai yi masa tafinta, mai cika masa kwantena, mai karɓar naira a Kano ya biya yuan a can. Ɗan Sabo da ya tashi a zauren maigida zai gane wannan tsari tun kafin a buɗe masa littafi. Abin da ya rage masa shi ne ƙididdiga, da harshe, da haƙurin bincike.

Tambayoyin kuwa suna nan zube a wannan kasuwa ta Bodija da aka buɗe a 1987. Yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuan biliyan 15 da Babban Bankin Najeriya ya ƙulla da na Sin a 2018, ta isa hannun ƙaramin ɗan kasuwa, ko a manyan kamfanoni ta tsaya? Markaɗaɗɗen tumatirin da ake shigowa da shi daga Sin, me yake yi wa farashin kwandon manomin Kadawa? Riɗin da ke fita daga Maigatari, wa ke yanka masa farashi? Kowace ɗaya kundin digiri ce.

Wurin karatu bai yi nisa ba. Ga sashen tattalin arziki na Jami'ar Ibadan, ga cibiyar NISER a Ojoo. Ana koyar da Sinanci a Cibiyar Confucius ta Jami'ar Legas. A Beijing akwai shirin Yenching a Jami'ar Peking da na Schwarzman a Jami'ar Tsinghua, dukansu da Ingilishi ake darasi. Sai dai 'ya'yana, wanda bai iya Sinanci ba, abin da aka ga damar fassara masa kaɗai zai karanta, alhali su Sinawa tun 1963 rediyonsu ke magana da Hausa. Kuma wanda gwamnatin Sin ta ɗauki nauyinsa ya sani akwai batutuwan da ba a tattaunawa a ajinsu, don haka ya nemi rubuce-rubucen masu sukarta ya karanta da kansa.

Ku kuma iyayenmu, roƙona biyu ne. Idan ɗalibi ya zo rumfa da takardar tambayoyi, kada a ɗauke shi ɗan leƙen asirin masu haraji. A nuna masa littafin ciniki, ko da za a rufe sunaye. Sannan ƙungiyoyin 'yan hatsi da na 'yan shanu su ɗauki nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya duk shekara, da sharaɗin idan an gama kundin a dawo nan a karanta mana shi da Hausa.