Littafi ba buhun shinkafa ba ne: yadda ƙananan kantuna suka tsaya wa Amazon a Faransa

 

Da yammacin nan zan kawo muku labarin wata kokawa da aka shafe kimanin rabin ƙarni ana yi a ƙasar Faransa, tsakanin mai ƙaramin kantin littattafai da babban attajiri mai karya farashi. Na zaɓi wannan magana domin tambayar da ke cikinta kowane ɗan kasuwa ya san ta: in wanda ya fi ka jari ya yarda ya faɗi yau domin ya kashe ka gobe, da me za ka kare kanka ba tare da ka yi ha'inci ba?

A shekara ta 1974, kamfanin Fnac ya buɗe babban shago a birnin Paris, ya soma rage kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin littafi. Masu saye suka yi murna. Amma wani mai buga littattafai, Jérôme Lindon, ya hango abin da ba su hango ba. Mai kanti yana rayuwa ne da ƴan littattafan da ake rububinsu, kuma ribarsu ce ke ba shi ƙarfin ajiye ɗaruruwan da za su shekara ba a taɓa ba. In babban shago ya kwashe masu saurin fita, ya bar masa masu nauyi, to kanti ya mutu. In kanti ya mutu, sabon marubuci ba shi da inda za a gan shi. Lindon ya san abin da yake faɗi: shi ya buga Samuel Beckett tun ba a san shi ba, mutumin da ya zo ya samu kyautar Nobel a 1969.

Ranar 10 ga watan Agusta 1981, zamanin shugaba Miteran, aka kafa dokar da ke ɗauke da sunan ministan al'adu Jack Lang. Mai buga littafi shi ke yanke masa kuɗi, kuma kuɗin nan ɗaya ne ko'ina, daga babban birni har ƙauye. Ba a yarda mai sayarwa ya rage wa mai saye fiye da kashi 5 cikin 100 ba. Dokar ta ɗora wa mai kanti nasa nauyin: duk littafin da aka tambaya, ko da guda ɗaya ne, wajibi ne ya aiko a kawo shi ba tare da ya karɓi ladan wannan hidima ba.

Sai ga intanet. Kamfanin Amazon, wanda Jeff Bezos ya soma sayar da littattafai da shi a Amurka a 1995, ya iske an rufe masa ƙofar farashi, sai ya shigo ta taga: ya rage kashi 5 ɗin, ya kai wa mutum har gida kyauta. A 2014 majalisar dokoki ta hana haɗa biyun. Amazon bai yi gardama ba, ya mai da kuɗin kai kaya santim ɗaya. Jama'a, santim ɗaya na yuro bai kai dala biyu ba! Ya bi harafin doka, ya taka manufarta. Sai da aka sake wata doka a ƙarshen 2021, wadda ta soma aiki ranar 7 ga Oktoba 2023: in kuɗin sababbin littattafan da aka saya bai kai yuro 35 ba, wato kusan jika 23 na kuɗinmu, dole a biya aƙalla yuro 3, kusan jika 2, kafin a kai su gida.

Wani zai ce: ashe talaka ake cuta, tunda an hana shi araha. Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma mu dubi Ingila, inda yarjejeniyar farashi ɗaya ta wargaje a 1995, kotu ta soke ta a 1997. Littattafan da ake yayi sun yi araha a manyan shaguna, ƙananan kantuna da yawa kuwa suka rufe. A Faransa har yanzu ana lissafa kantuna masu zaman kansu fiye da 3,000. Arahar da ke barin mai sayarwa ɗaya tak a kasuwa tana da ranar biya, domin ranar da ya rage shi kaɗai, shi zai faɗi kuɗi, shi zai zaɓi abin da za a karanta. Mu da muka ga zamanin jarida ɗaya da rediyo ɗaya, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Sai dai doka ba ta sayar da littafi. Abin da ta yi shi ne ta cire farashi daga fagen kokawa, ta bar mutane su gwada ƙarfi a kan sani da hidima. Masu kantunan suka gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka haɗa kai suka buɗe shagunansu na intanet, inda mutum zai ga wane kanti ne kusa da shi yake da littafin, ya sa a ajiye masa, ya je ya ɗauka. Kuma suna da abin da na'ura ba ta da shi: mai kanti ya karanta hajarsa, ya san fuskar mai saye, yana iya ce masa wannan ba zai amfane ka ba, ga wanda ya fi shi, ko da ya fi shi araha.

Saboda haka, ƴan uwa ma'aikata, ku da ke rubuta dokoki, ku tuna da santim ɗayan nan: dokar da aka bar wa kafa, mai ƙarfi ne zai fara bi ta cikinta. Ku kuma alhazai, ba na ce ku ƙi zamani ba. Ku riƙe wayar, ku riƙe intanet, amma ku sani amana ita ce hajar da babu attajirin da zai iya karya farashinta.

Allah ya sa mu gama lafiya.