Koyar da 'Yan Lambu a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Kowace shekara, da ruwa ya ɗauke aka kai gero da dawa rumbu, ma'aikatan gona da ƙungiyoyi su kan shirya tarurruka don koyar da 'yan lambu. A kan kashe kuɗi, a ɗauko masana daga Dutse ko Kano ko Zariya, a kafa rumfa, a yi jawabai, a watse. Amma sau da yawa wanda ya zauna cikin rumfar daban, wanda zai sunkuya cikin fangali washegari daban. Gyaran wannan kuwa ba ya hannun malamin gona, domin shi baƙo ne, takardar sunayen da aka miƙa masa ita ya ke bi. Yana hannun hakimi da dagatai da masu unguwa, da malamin da ke riƙe da alƙalami a ƙofar hakimi.

Lambu ba sabon abu ba ne a wannan yanki na ƙasar Dutse. Kogin nan da ya taso daga duwatsun Jos, wanda a ke kira Bunga, ya ratsa ƙasar Gwaram kafin ya gangara Jama'are, ya bar fadamu masu albarka a gefensa. A ƙasar Birnin Kudu kuma akwai madatsar ruwa da aka gina cikin shekarun 1970, tun yankin yana cikin Jihar Kano. A da, jigo da guga su ne kayan aiki, mutum ya wuni yana ɗaga ruwa bai shayar da abin kirki ba. Cikin shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa 'yan rijiyoyin bututu da ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 sai JARDA ta gaji aikin, sa'an nan shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya ba da rance dominsa, ya ƙara yawan rijiyoyin cikin shekarun 1990. Sabo da haka lambu ya tashi daga abin miyar gida ya zama sana'a. Saurayin da a da zai ɗaure tabarmarsa ya tafi cin rani, yanzu ya kan iya zama a garinsu ya noma albasa da tumatir da attaruhu. Wanda ya zuba kuɗin haya da na mai da na taki kuwa, in ya yi kuskure, bashi zai kwana a kansa har wata kaka. Don haka koyarwar ba abin wasa ba ce.

Abu na farko da a ke yawan kuskurewa shi ne lokaci. Lambu ɗan sanyi ne. Tumatir da albasa da kabeji da latas da karas duk hunturu su ke so, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In zafin Maris da Afrilu ya shigo, furen tumatir zubewa ya ke yi, ba ya ɗaure 'ya'ya. Irin tumatir ya kan yi kamar mako huɗu a wurin reno kafin a dasa, na albasa kuwa ya kan kai mako shida zuwa takwas. Watau wanda ke so ya dasa a Nuwamba, tilas ya yafa iri tun cikin Satumba ko Oktoba. To, taron da aka kira a Janairu don a koya wa mutane zaɓen iri da gyaran wurin reno, me zai tsinana? An riga an yi gini, zane ya wuce. In takarda ta zo wa hakimi ana neman ya tara 'yan lambu, ya kamata ya dubi abin da za a koyar, ya auna shi da watan da a ke ciki. In ba su dace ba, ya rubuta ya faɗa cikin ladabi. Ma'aikata ba su ƙin shawara irin wannan, don su ma ba su so su koma da rahoton banza.

Ranar taro ma abin dubawa ce. Kada ta faɗa ranar kasuwa. Mutanen ƙasar Gwaram sun san ba a tara manoma ran da Sara ke ci. Kada kuma ta kama da sassafe, lokacin ban ruwa. A waɗannan shekaru azumi yana faɗowa cikin rani, kamar yadda ya kama ran 1 ga Maris a 2025, yana kuma matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, sabo da haka mai shirya taro ya duba watan Musulunci tare da na Bature.

Wurin koyarwa kuwa, lambun kansa ya fi kowane ɗaki. Akwai wata dabara da aka soma a ƙasar Indonesiya a 1989 da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a ke kira makarantar manoma a gona. Mutum 25 ko 30 su kan haɗu sau ɗaya a mako a gona guda, tun daga shuka har girbi. A raba fili biyu, ɓangare ɗaya a bi yadda aka saba, ɗaya a bi sabuwar hanya, kowa ya duba da idonsa, ya ƙirga kwandunan da kowane ɓangare ya bayar. Gani ya kori ji. Abin da wannan ke bukata daga hakimi kaɗan ne, amma in babu shi ba ta yiwuwa: ɗan fili kusa da ruwa, a bakin hanyar da mutane ke bi, wanda ba a rigima a kansa, mai shi kuma ya yarda a yi damina guda ko rani guda ana tattake masa gefen gona.

Sai batun sunaye, wanda shi ne gindin wannan jawabi. Tsofaffin malaman hakimai sun san yadda a ke ƙidayar haraji a zamanin En'e, gida gida, mutum mutum, ba a tsallake kowa. An soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ba kuwa wanda ke kewarsu. Amma wannan ƙwazo na ƙidaya, wanda a da a ke yi don a karɓa daga talaka, shi a ke bukata yau don a ba shi. Da an ji za a raba iri ko taki ko kuɗin mota a wurin taro, sai sunaye su yi ta fitowa: ɗan wane, surukin wane, mai shago, mai babur. Waɗannan su karɓi kaya su sayar a kasuwa tun rana ba ta faɗi ba. Ɗan lambu na gaskiya yana can bakin rijiya bai ma ji labari ba.

Wani abin da ke kawo wannan, ba da mugun nufi ba, shi ne a rubuta mai fili a manta da mai aiki. Fadamun da ke kusa da gari yawancinsu na gado ne, masu su kuwa sau da yawa dattawa ne ko ma'aikata ko 'yan kasuwa. Masu noma su da rani samari ne da suka karɓa haya ko aro ko jingina, waɗansu ma baƙi ne daga ƙasar Bauchi ko Kano. In malami ya tambayi mai unguwa, "Lambun nan na wane ne?" za a faɗa masa sunan mai fili. Tambayar da ta dace ita ce, "Wa ke ba shi ruwa?" Sunan wannan a ke so. Ya kyautu littafin ya nuna sunan mai aiki, da unguwarsa, da abin da ya ke shukawa, da inda ya ke samun ruwa, ko kogi ko rijiya ko kududdufi, da kuma yadda filin ya zo hannunsa. Kafin a sa hannu, a karanta sunayen a bainar jama'a, gaban Sarkin Noma da 'yan lambun kansu. Sunan ƙarya ba ya jure karatu a fili.

Tun da an zo kan haya da aro, akwai abin da malamin gona ba zai iya koyarwa ba sai da hakimi. Za a ce wa mutum ya zuba takin gargajiya, ya haƙa rijiya, ya kafa shinge, ya dasa zogale a gefe. Wa zai yi wannan wahala a filin da za a iya karɓewa baɗi, bayan ya gyaru? Maganin abin 'yar takarda ce: shekara nawa aka bayar, nawa ne kuɗin, wane wata za a mayar wa mai shi don noman damina, rijiyar ta wa za ta zama in an rabu. Shaidu biyu da hatimin dagaci sun isa. Rigingimu da yawa da ke cinye wa hakimi ranar Litinin da Talata, da an yi wannan tun Oktoba da ba su taso ba. Haka nan burtali da mashaya. Fadamar da ɗan lambu ke so da rani, ita makiyayi ke so. A gayyaci Arɗo wurin taron farko, a taka iyaka tare, a bar wa shanu hanyar zuwa ruwa tun ba a dasa kome ba.

Abin da za a koyar aikin masana ne, amma akwai abubuwan da ya kamata hakimi ya tabbata ba a tsallake su ba, domin sun shafi rai da dukiya. Ɗaya shi ne tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta shiga Sifen a 2006, ta bazu, har a 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, Gwamnatin Kaduna ma sai da ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. Tsutsar cikin ganye ta ke shiga ta yi rami, sabo da haka feshi ba ya cika samunta. In kuma aka dinga fesa magani iri ɗaya, jikokinta su kan saba da shi, ya zama kamar ruwa. Manomin da bai san wannan ba sai ya ƙara yawan magani, ya ƙara yawan feshi, kuɗinsa ya ƙare, tsutsa na nan. Abin da ke rage ta shi ne a sauya magani bisa shawarar malamin gona, a tuge tsofaffin itatuwan tumatir bayan girbi a ƙone ko a binne, a kuma bi filin da albasa ko masara maimakon gauta, wadda dangin tumatir ce. Wannan kuwa ba ya amfani sai fadama duka ta yi tare. Mutum ɗaya ya bar tsohon lambunsa tsaye, ya renar wa maƙwabtansa tsutsa. A nan maganar dagaci ta fi ta kowane masani nauyi.

Na biyu shi ne maganin kansa. A jikin kowace kwalba an rubuta kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinki amfani, amma da Turanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe. Akwai mai fesawa yau ya tsinka gobe, latas ɗin kuwa ɗanye a ke ci. A sa wani ya karanta wannan da Hausa a wurin taro, a kuma ja kunne kada a wanke tankin feshi a kogi, kada a zuba man gyaɗa ko ruwan sha cikin kwalbar da ta ƙare. Masu lambu a cikin gari, waɗanda ke shayarwa da ruwan kwata ko na kududdufin da a ke zubar da shara, su ma a neme su musamman. Ruwan nan yana ɗauke da ƙwayoyin zawo da taifot da tsutsar ciki. In ba su da wani ruwan, gara su bar ganyen da a ke ci ɗanye su koma ga abin da a ke dafawa.

Batun kasuwa gajere ne, kowa ya san shi. Duk aka dasa mako guda, duk za a tsinka mako guda, kwando ya faɗi har ya kasa biyan kuɗin mota. A koya wa mutane rarraba dashe, da yanka tumatir a shanya kauɗa bisa tabarma ko leda maimakon ƙasa, da tsayar wa albasa ruwa kamar mako biyu kafin a cire ta, a bar ta ta sha iska a inuwa don ta ajiyu. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ban ruwa ya zama babban nauyi, ana kuwa ta tallar injuna masu aiki da hasken rana. Suna da amfani, amma da tsada. Kafin mutum biyar su haɗa kuɗi su saya, a nuna musu shi yana aiki a rijiya irin tasu, a kuma tambayi inda mai gyara ya ke.

Mata ba su zuwa rumfar maza, amma a bayan gidaje da yawa akwai zogale da alayyafo da yakuwa da rama, su ne kuma ke yanka kauɗa da sarrafa albasa. A nemi malamar gona mace, a yi musu nasu zaman a gidan hakimi ko na dagaci, bayan azahar, da sanin mazansu. Sunayensu ma su shiga littafi.

In rani ya ƙare, wajen watan Mayu, malamin hakimi ya ɗauko littafin nan ya sake bin sunayen. Wane ne ya zo kowane zama, wane ne ya daina, me ya hana shi? Wane abu aka koyar aka ga mutane sun ɗauka, wanne suka saurara kawai suka bari? In tsutsa ta ɓullo, a wace fadama ta fara, a wane mako? Shafi ɗaya ya isa. A aika da kwafi ga sashen gona na ƙaramar hukuma da ofishin JARDA, a ajiye ɗaya a ofishin hakimi, domin wanda zai shirya taron baɗi ya same shi tun cikin Agusta.