Zaman Bankok: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Sani Kafin Ya Sauka

Shugaban ƙungiya da 'yan kwamiti, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa da kuka taso daga Maraɗi, Damagaram, Ƙonni, Katsina da Kano, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa mana ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.

An ce in yi bayani a kan zaman Bankok, babban birnin Tailan, tunda yaranmu da dama sun fara ɗaga ido can, wasu don tufafi da takalma, wasu kayan shafa, wasu kayan gyaran mota. Sunan ƙasar ba baƙo ba ne a kunnenmu, duk wanda ya taɓa sauke buhun shinkafa daga Kwatano ya san 'yar Tailan. Sai dai cin shinkafar mutum daban, kwana a garinsa daban.

Garin ba shi da wuyar zama. Abinci da araha, wuta ba ta ɗaukewa, mutanen kuma masu sakin fuska ne. Yawancin 'yan'uwanmu da suka shiga uku a can ba mugayen mutane ba ne. Halayen kirki na gida ne suka kayar da su: karɓar saƙo, saukar baƙo, kama wa ɗan'uwa aiki a shago. Abin da za a yabe ka a kansa a Maraɗi, shi ne zai iya kai ka gaban alƙali a Bankok.

In fara da saƙo, don shi ne mai kisa. A nan gida in za ka Kano wani ya miƙo maka ƙulli ya ce ka kai wa ƙanensa, kunya ba za ta bar ka ka tambayi abin da ke ciki ba. To wannan kunyar ku bar ta a Yamai kafin ku hau jirgi. Dokar Tailan a kan miyagun ƙwayoyi ta kai har ɗaurin rai-da-rai da hukuncin kisa, kuma abin da aka samu a jakarka naka ne, ko da wanda ya ba ka limamin unguwarku ne. Gidan yarin Klong Prem da na Bang Kwang akwai 'yan Afirka a ciki, wasu sun shiga da baƙin gashi har sun yi furfura. Masu wannan sana'a ba sa zuwa da fuskar 'yan iska. Mutum ne zai zo da carbi, ya gaishe ka da Hausa a Adis Ababa wurin canjin jirgi, ya ce kayansa sun yi nauyi, ka riƙe masa jaka ɗaya. Ka ce masa a'a, ka ƙara gaba. In ɗan gida ne ya ba ka saƙo, a kwance shi a gabanka, ka taɓa kowane abu da hannunka, takalmi ka duba ƙasansa, gwangwani rufaffe ka ƙi shi. Wanda ya ji haushi, ya ji. Hatta maganin da za ka sha, ka taho da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Kilishi ma ku haƙura, ba a shiga da nama sai da izini. Shagunan wiwi da za ku gani da hoton ganye a ƙofa kada su ruɗi yara: an sassauta dokar a 2022, aka sake ɗaure ta a 2025. Sigarin lantarki kuwa haramtacce ne tun 2014, ana kama mutane a kansa.

Sai takardu. Biza yanzu ta intanet ake nema, kuma tun watan Mayu na 2025 akwai katin shiga da ake cikewa a waya kafin a sauka, ana ce masa TDAC. Katin allurar shawara dole ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, akwai teburin ma'aikatan lafiya kafin a kai ga masu buga hatimi, can za ka fara zuwa. Da an buga maka hatimi ka tsaya nan ka karanta ranar da aka rubuta, don ita ce ranar fitarka, ba wadda ɗan kamasho ya faɗa maka ba. Bizar yawon buɗe ido kwana 60 ce, ana ƙara 30 a ofishin shige da fice na Chaeng Watthana a kan baht 1,900. In ka wuce ranar, tarar baht 500 ce kowace rana har ta kai 20,000. Kuɗin ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ya kai kansa filin jirgi ya biya, in bai haura kwana 90 ba, zai tafi ya dawo. Wanda aka kama a titi kuwa, ko kwana uku ya ɗora, za a tsare shi har sai ya sayi tikitin komawa da kuɗinsa, sannan a hana shi shiga ƙasar shekara 5. Shekara 5 ga ɗan kasuwa, abokan cinikinsa sun zama na wani.

Saukar baƙo ma da dokarta. Duk wanda ya kwanar da baƙo ɗan wata ƙasa, wajibi ne ya sanar da hukuma cikin awa 24, takardar sunanta TM30. Otal na yin wannan da kansa. Amma in ɗan'uwa ya ce ka zo ka raɓa a ɗakinsa, ka tambaye shi ko mai gidan zai shigar da sunanka, domin ranar da ka je neman ƙarin kwanaki ita za a fara tambayarka. Haka kama aiki. Ka je gaishe da ɗan garinku a shagonsa, ya ce riƙe mini in yi salla, ka karɓi kuɗin mai saye, ka ɗaure kwali. A wurinmu zumunci ne, a wurinsu aiki ne ba da izini ba, tararsa daga baht 5,000 zuwa 50,000, a kuma kore ka. Saye naka ne, sayarwa ba taka ba ce. Masu tunanin buɗe kamfani kuma su sani, a yawancin sana'o'i baƙo ba ya mallakar fiye da kashi 49 cikin 100, kuma ara sunan ɗan ƙasa don a rufe ido laifi ne a kan ku biyun. Ban da ma doka, dukiyar da ke rubuce da sunan wani, ranar da aka ɓata ka san ta wa ce.

Yanzu maganar murya, wadda na san za ta yi wa wasunmu wuya. Mu in ciniki ya yi daɗi sai an ɗaga harshe, an yi rantsuwa, an yi kamar za a tafi. Mutumin Tailan ba ya ɗaukar tsawa a gaban jama'a. In ka daka masa, zai yi murmushi, ka zaci ka ci nasara, alhali ya gama da kai ke nan, gobe ka dawo ya ce kaya sun ƙare kana kallonsu a kanta. Ciniki da na'urar lissafi ake yi: ta buga, ka buga, kuna dariya. Ragin da ake samu ba ya kai na kasuwar Kwari, a yawan kaya ake samun sauƙi. Kalmomi kaɗan za su yi maka aiki: "tao rai", nawa ne, "lot noi dai mai", a ɗan rage mana. Namiji ya ƙarasa maganarsa da "khrap", mace da "kha", shi ne ladabinsu. Kada ka dafa kan kowa, ko na yaro, kada ka nuna abu da ƙafa. Sarki kuwa, ku ɗauke bakinku daga kansa gaba ɗaya, har a Facebook. Sashe na 112 na dokarsu ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya taɓa mutuncin gidan sarauta, kuma bai ware baƙo ba. Kuɗinsu akwai hoton sarki, in iska ta ɗauke maka takarda kada ka take ta da ƙafa. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi, in ka ga an tsaya cak, kai ma tsaya.

To, bari in sassauta, kada ku ce na zo tsoratarwa. Filin jirgin ana rubuta shi Suvarnabhumi, amma "Suwannapum" suke faɗi. A ƙarƙashinsa akwai jirgin ƙasa da zai kai ka tashar Ratchaprarop a ƙasa da baht 50, daga nan da ƙafa za ka shiga Pratunam, cibiyar tufafi, inda mafi yawan mutanenmu ke sauka. In kana da kaya ka hau tasi daga layin hukuma, ka tabbata ya kunna mita, tana farawa daga baht 35, da ƙarin 50 na filin jirgi. A cikin gari Grab da Bolt suna aiki. 'Yan kabu-kabunsu na sa riga mai ruwan lemo, suna da sauri, amma ni dai ban ba dattijo shawara ba. Motoci ta hagu suke bi, wurin tsallaka titi ka fara duba dama. Cunkoson mota na cinye rabin yini, shi ya sa nake son jirgin ruwan da ke bin magudanar Saen Saep: daga Pratunam zai sauke ka Bobae, kasuwar sari ta tufafi da ake ci tun kafin asuba. Ruwan ba ƙamshi gare shi ba, ka ja labulen leda ka rufe bakinka. Sampeng, a unguwar 'yan Sin, lungu ne siriri na sarƙoƙi, jakunkuna da kayan kitso, Hajiyoyinmu sun fi ni saninsa. Kayan mota kuma sai Worachak.

Abinci sai da lura, domin naman alade da kitsensa suna shiga abubuwa da yawa, har wanda ka gani kamar ganye ne zalla. "Mu" shi ne alade a harshensu, amma cewa a cire maka shi bai wadatar ba tunda tukunyar ɗaya ce. Ka nemi tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ko rumfar da ka ga mai hijabi na tuya. Ka tambayi "khao mok kai", dafa-dukan shinkafa da kaza ce mai kurkur, ta Musulmi ce, ba za ka yi kewar gida sosai ba. Titin Phetchaburi, lungu na 7, unguwar Musulmi ce kusa da Pratunam, nan masallacin Darul Aman yake, da masu abinci kewaye da shi. Akwai kuma masallacin Haroon a Bang Rak, tsoho ne ƙwarai. A Nana, lungu na 3 na titin Sukhumvit, za ka sami gidajen abincin Larabawa da na 'yan Afirka, amma ka ci ka tashi da wuri: unguwar tana maƙwabtaka da wuraren shaƙatawar dare, 'yan sanda na yawan tsayar da baƙar fata a nan, don haka fasfo ya kasance a jikinka. In wani abu ya taso, lambar 'yan sandan baƙi 1155 ce, suna jin Turanci.

Wani abin da ke ba sababbin zuwa dariya: mu mun saba salla gabas ake kallo, har kalmar ta zama ɗaya da alƙibla a bakinmu. A Bankok Makka tana yamma. Musulmin can Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba a ɗaga hannu a yi alƙunutu a fili. Ka bi limaminka, ba wurin gardama ka zo ba. Agogonsu na gaban namu da awa 6, in ka kira gida bayan ka karya kumallo, tsakar dare ka tashi iyali. Shekararsu ma daban, suna ƙara 543 a kan ta Miladiyya, 2025 ita ce 2568. Masu sayen kayan shafa da na ci, ku kula da wannan wurin karanta ranar lalacewa, da kuma kan rasiɗi.

Sefa da naira ba su da amfani a can. Ka riƙe dala ko yuro, sababbin takardu marasa tabo, 'yan ɗari-ɗari sun fi daraja wurin canji. Kada ka canza da yawa a filin jirgi, gidajen canji na wajen Pratunam sun fi, sai dai za su nemi fasfo. In kuɗin da ke jikinka ya haura dala 15,000, ka bayyana wa duwan ɗinsu da kanka. Na'urar cire kuɗi na cin sama da baht 200 duk cira ɗaya da katin waje.

Saura aiko da kaya, inda nake roƙon shugabanni su sa baki. Kwantena daga tashar Laem Chabang take tashi, kafin ta iso Lome ko Kwatano ka lissafa wata ɗaya da rabi ko fiye, sannan ga hanyar tudu, wadda kun fi ni sanin halin da take ciki tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. Mai son kayan Salla ya ƙirga baya tun daga nan. Ya kuma kauce wa tsakiyar Afirilu, 13 zuwa 15, bikin Songkran, ana rufe shaguna a yi ta watsa wa juna ruwa, da kuma sabuwar shekarar 'yan Sin, da Sampeng ke yin tsit. Wurin mai kargo, "na san shi" ba takarda ba ce. A auna kwalayenka a gabanka, a rubuta yawansu da abin da ke ciki da sunan mai karɓa, ka ɗauki hoto. Kuma ka tambayi da kayan wa za a haɗa naka, domin kwali ɗaya na jabun kaya ko na magani ya isa a riƙe kwantena sukutum a tasha, kowa ya yi ta biyan kuɗin ajiya. Shawarata ga kwamiti ita ce a buɗe rajista a ofishin ƙungiya: duk wanda zai tafi ya rubuta ranar shigarsa, ranar da bizarsa za ta ƙare, masaukinsa da mai kargonsa, a sa mutum ɗaya ya riƙa kiran waɗanda kwanakinsu suka kusa. Littafi ɗaya da alƙalami ne kuɗinsa.

Shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo. Masu tambaya a kan farashin kargo su same ni bayan an ci abinci.