Doka Da Takarda A Cinikin Motocin Tsere Na Gwanjo Tsakanin Ƙasashe



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan sayen tsohuwar motar tsere, irin wadda ba a ƙera da yawa ba, da ƙetarewa da ita daga wata ƙasa zuwa wata. Na san a cikinmu akwai mai cewa a ransa, me ya haɗa ɗalibin da ke lissafin kuɗin abincin mako da motar tsere? Gaskiyarsa. Amma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da 'yan shekaru su ne za su riƙe hatimi a ofishin kwastan, ko ofishin lasin, ko Ma'aikatar Kuɗi. A wannan ciniki kuwa hatimin nan ya fi inji ƙarfi. Mota ɗaya, da ƙarfenta da fentinta ba abin da ya sake, sai ta zama dukiya a wannan gaɓar teku, ta zama kayan fasa-ƙwauri a waccan. Zan ɗauki mota guda mu bi sawunta, wato Nissan Skyline GT-R ta ƙasar Japan.

A watan Agusta na 1989 kamfanin Nissan ya fito da samfurin da ake kira R32. Injinta mai silinda shida ne a jere, girmansa lita 2.6, da turbo guda biyu masu cusa masa iska, kuma tana iya raba ƙarfin ga ƙafafunta huɗu idan na baya suka soma santsi. A takarda an rubuta ƙarfin doki 280, domin kamfanonin Japan sun yi wata yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata adadin da ya wuce haka. Makanikai kuwa sun daɗe da sanin injin ya fi abin da aka faɗa. Daga 1990 zuwa 1993 motar ta shiga tsere 29 a gasar motocin Japan, ta cinye duka 29. Ta haye Ostareliya ta ci babban tseren Bathurst a 1991 da 1992, kuma wata mujallar motoci ta can ce ta laƙaba mata suna Godzilla, sunan wani dodon fim. Bayanta aka yi R33 a 1995, sannan R34 daga Janairun 1999 zuwa Agustan 2002, wadda aka ƙera dubu goma sha ɗaya da 'yan ɗaruruwa kaɗai. Duk cikinsu babu wadda aka kai Amurka don sayarwa, kuma dukkansu sitiyarinsu a dama yake. Ina roƙo a riƙe wannan magana ta sitiyari, za mu dawo kanta.

To, samarin Amurka sun ga motar a finafinai da wasannin bidiyo, sun ƙwallafa rai, ga kuɗi a hannu, amma ba hanya. Abin da ya tare hanyar yana da tarihi. A farkon shekarun 1980 dala ta yi ƙarfi, sai mutane suka gane ya fi musu sauƙi su je Jamus su sayo Mercedes da kansu, su ɗan yi mata gyare-gyare ta dace da ƙa'idar Amurka, a kan su saya wurin dillalan kamfani na gida. Har akwai samfura, kamar 500 SEL, da dillalan ba su da su sam. A 1985 motocin da suka shiga ta wannan kafa sun kai kimanin 60,000. Dillalai suka ga kasuwa na zurarewa, suka kai kuka majalisa, kamfanin Mercedes-Benz na kan gaba. A 1988 aka kafa doka. Gundarinta shi ne, motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar kiyaye haɗari ta Amurka ba, ba ta shiga sai ta hannun wani kamfani mai rajista wanda zai tabbatar da ita, abin da kan kai ga a sayi irinta a fasa a ɗakin gwaji. Sai dai an bar ƙofa ɗaya: motar da ta cika shekara 25 daga watan da aka ƙera ta, ta fita daga wannan sharaɗi.

Jama'a, a duba wannan hukunci da kyau. Mota tana sabuwa, birkinta garau, an ce haɗari ce ga jama'a. Ta yi shekara 25, robobinta sun bushe, tsatsa ta kama ta, sai a ce bismilla. Da kiyaye rai kaɗai ake nufi da lissafin bai zo haka ba. A ganina abin da adadin 25 ya tsare shi ne cinikin sabuwar mota, gama wanda ke neman motar zuwa aiki ba zai jira rubu'in ƙarni ba, sai mai sha'awa. Maƙwabciyarsu Kanada ta tsaya a shekara 15, kuma titunan ƙasashen biyu a haɗe suke.

Dokar ba ta duba fuska ba, wannan kam a yaba mata. Bill Gates da kansa ya sayi Porsche 959, motar da ba a ƙera 350 ba a duniya, kamfanin kuma ya ƙi ba da wasu a fasa don gwaji. Motar ta yi shekara 13 a hannun kwastan. Sai a 1999 aka buɗe wata 'yar taga ga motocin da ke da muhimmanci na tarihi ko na fasaha, a bisa sharaɗin kada a tuƙa su fiye da mil 2,500 a shekara. Wanda ke da kuɗin zirga-zirga a majalisa ya samu taga. Sauran mutane suka koma lissafin kalanda.

Akwai waɗanda suka nemi gajeruwar hanya. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani a Kalifoniya mai suna Motorex ya samu izinin shigo da Skyline bayan an yi gwajin karo. Daga baya hukuma ta gano R33 kaɗai aka gwada, alhali izinin ya rufe har da R32 da R34. A 2006 aka taƙaita shi ga R33 da aka ƙera tsakanin 1996 da 1998, kamfanin kuma ya rushe. Wasu suka riƙa wargaza mota a Japan, su shigo da gangar jiki daban, inji daban, da sunan kayan gyara, su harhaɗa a gareji. Wasu suka ciro lambar shasi ta tsohuwar mota suka manna wa sabuwa, don ta yi kama da mai shekara 25. Sakamakon wannan dabara ya fito fili: a 2013 kwastan suka murƙushe wata Land Rover Defender a tashar Baltimore, suka ɗauki hoton aikin suka watsa, a 2014 kuma suka bi gidaje suka kwashe irinta guda 40. A cikin masu motocin akwai waɗanda a hannu na biyu ko na uku suka saya, ba su san an taɓa lambar ba. Da ma tsautsayin takardar jabu ba ya tsayawa a kan wanda ya buga ta.

Yanzu bari mu bi mai saye na halal. Yawancin motocin gwanjo na Japan a manyan kasuwannin gwanjo ake sayar da su, irin na kamfanin USS, kuma ba kowa ke shiga ba sai dillali mai rajista. Saboda haka mai saye daga waje tun farko amana ya bayar: ya aika kuɗin ajiya ga mutumin da bai taɓa gani ba, ya sayi motar da bai taɓa jin ƙararta ba. Idonsa a can shi ne takardar mai duba mota ta kasuwar. A kanta akwai maki, 4 ko 4.5 mota ce mai kyau, 3 ta sha wuya, harafin R kuwa na nufin ta taɓa yin haɗari an gyara ƙashinta. Akwai kuma zanen motar da alamomin inda ta ƙuje, da inda ta loɓa, da inda aka sake fenti. Da Japananci ake rubuta bayanin, da hannu, kuma sau da yawa maganar da ta fi muhimmanci tana cikin ɗan rubutun gefe, wanda dillali mai gaggawar la'ada kan manta ya fassara.

A mota irin wannan makin kaɗai ba ya wadatarwa. Motar tsere ce, kuma wanda ya saye ta sabuwa bai saye ta don kai yara makaranta ba. Turbo ɗinta na asali fiffikensa na tangaran ne, idan aka ƙara masa matsi fiye da kima sai ya farfashe. R34 kuma an san ta da tsatsa a kafaɗun da ke riƙe da ƙafafun gaba, wurin da hoto ba ya nunawa sai an buɗe an leƙa. Agogon tafiya ma akan sauya shi. A nan tsarin Japan ya taimaki mai saye, domin ana duba kowace mota bayan shekara uku da fitowarta, sannan duk shekara biyu, kuma takardar fitar da mota daga ƙasa tana ɗauke da adadin kilomitan da aka rubuta a dubawa ta baya-bayan nan. Wanda ya gwada wannan adadi da abin da agogo ya nuna, da wuya a yi masa sakiyar da ba ruwa. Takardar nan ita ce asalin motar. In ta ɓata, ko lambar da ke kanta ta saɓa da ta jikin shasi ko da harafi ɗaya, to an sayi wahala.

Daga nan sai jirgin ruwa, ko dai a tuƙa ta cikin jirgin ɗaukar motoci, ko a kulle ta a kwantena, wadda ta fi tsada amma ta fi tsare ta daga hannun masu ɓalle-ɓalle. A tashar Amurka takarda biyu ke jiranta, ɗaya ta hukumar sufuri mai lissafin shekara 25, ɗaya ta hukumar kare muhalli wadda ke yafe wa mota mai shekara 21, muddin injinta na asali ne. Har ƙarƙashinta sai an wanke, kada ta shigo da ƙasar wata nahiya da ƙwarin da ke ciki. Bayan duk wannan, kowace jiha da nata sharaɗin lamba, kuma Kalifoniya tana da gwajin hayaƙi mai tsada wanda ya sa mota ta shiga ƙasa lafiya amma ta kasa hawa titi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kalandar Amurka ta riƙa yanka farashi a Japan. Da Agustan 2014 ya gabato, lokacin da R32 ta farko ta cika shekara 25, sai kuɗinta ya tashi. Da aka ga haka, masu wayo ba su jira R34 ta cika ba. Suka saye ta tun da sauran shekaru, suka biya kuɗin ajiya a rumbuna a Japan, ana tayar da injin lokaci-lokaci, har Janairun 2024 ya zo. Motar da aka sayar sabuwa a kan kimanin yen miliyan biyar ta koma ninkin-ba-ninkin, kuma wadda Paul Walker ya tuƙa a fim ta haura dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a gwanjo a 2023. Saurayin Japan da aka ƙera motar dominsa ya koma ɗan kallo, saboda dokar da aka rubuta a wata ƙasa tun kafin a haife shi.

Shugaban taro, a ba ni dama in juyo gida, domin tambayar da ke bakin kowa ita ce, shin ana iya kawo irin wannan mota Nijeriya? A nan ne lissafin ya juye. Amurka ta ce sai mota ta tsufa za ta shiga. Mu kuwa mun ce in ta tsufa ba ta shiga: a 2010 gwamnati ta sa iyakar shekara 15 ga motocin gwanjo. Ke nan ranar da R34 ta samu 'yancin shiga Amurka, ta riga ta yi shekara goma da wuce waccan iyaka ta 2010. Dalilinmu yana da tushe, ba a so ƙasa ta zama jujin motocin da wasu suka gama da su. Amma dokar ba ta bambanta tsohuwar tasi da ta gaji da motar da masu tarawa ke rububi a kanta ba, duk shekara take ƙirgawa.

Ga kuma sitiyari. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hagun titi ta koma dama, don ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Dahomey ta wancan lokaci, Gana ma ta bi sahu a 1974. Ƙa'idojin hanya na 2012 sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa bin tirela a hanyar Zariya zuwa Funtuwa: direban da ke zaune a gefen daji ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya fitar da rabin motar. Wani zai ce ai makanikanmu na juya sitiyari. Suna juyawa, kuma juyin da aka yi da walda da ƙiyasi shi kansa abin tsoro ne. A Skyline kuwa turbo ɗin nan biyu a gefen hagu na inji suke zaune, daidai inda sandar sitiyari za ta bi. Wanda ya nace sai ya yanka ya sauya, ya kashe kuɗi mai yawa ya lalata ainihin abin da ya ba motar daraja, gama masu tarawa motar da ba a taɓa ba suke biya.

Saura hanyar da kowa ya sani ba a faɗa da ƙarfi. Shekaru da dama tashar Kwatano ta rayu a kan motocin da a takarda Nijar za su, alhali kowa ya san inda za su kwana. Daga 1 ga Janairu, 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Motar da ta biyo daji ba ta da takardar biyan kuɗin fito ta gaskiya, kuma tun da kwastan suka soma aiki da lambar shasi wajen kimanta mota a 2022, gano ta ya ƙara sauƙi. Toyota mai irinta dubu a gari tana iya ɓuya a cikin 'yan'uwanta na wani lokaci. Motar da babu irinta biyar a ƙasa, mai ƙarar da ake ji tun daga nesa, da sitiyari a dama, a wane shingen za ta wuce ba a tsayar da ita ba? In an tsayar da ita kuma, wanda zai karɓi takardun ya duba lambar, mai yiwuwa yana zaune a cikin wannan ɗaki yanzu.

Na ga Shugaban taro yana duban agogo.