Jawabi ga Iyaye da Malamai: A Koya wa Yara Karatun Hoto da Murya



A yau saƙo ba ya zuwa da baƙaƙe kaɗai. Yakan zo da hoto, da launi, da kiɗa, da muryar mai magana, duka a haɗe. Yaron da lakol ta koya wa harhaɗa baƙaƙe, ba ta koya masa tuhumar hoto ba, rabin karatu ne aka ba shi.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan al'amari. Tun shekarar 1964 aka soma gwada koyarwa ta talabijin a Yamai, yara suna ɗaukar darasi daga akwati. Amma a lokacin baki ɗaya ne ke magana, na hukuma. Da jaridar Haske ta fito a 1990, aka kuma yi Taron Ƙasa a 1991, sai bakuna suka yawaita. Yanzu WhatsApp da Facebook da TikTok sun ba kowa lasifika, har akwai na'urar da ke ƙirƙiro muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba.

Hasarar kuwa a fili take. Kwalin magani a kasuwar Maraɗi yana ɗauke da hoton ƙato mai damtse, ranar lalacewarsa kuma tana can gefe da ƙananan baƙaƙe. Takardar neman zaɓe takan nuna taro maƙil, alhali daga kusurwa guda aka ɗauki hoton. Tsohon hoton gobara daga wata ƙasa a ɗora masa sabuwar murya da Hausa, kafin azahar an rufe shaguna don tsoro. Da haka kuɗi ke tafiya, ƙuri'a ma haka.

Gyaran ba ya bukatar kwamfuta a kowane aji. Mushe ya kawo takardar talla guda, ya rufe rubutun da hannu, ya tambayi yara abin da hoton ke faɗi. Sa'an nan ya rufe hoton, su karanta rubutun, su auna ko maganar ɗaya ce. In bidiyo ne a salula, a kalle shi ba murya, sa'an nan a saurare shi ba kallo. Daga nan sai tambayoyi uku: wa ya shirya wannan saƙo, wa zai ci riba in an yarda da shi, me aka yanke aka bari a waje? Ya kamata a yi wannan muhawara da harshen da yaro ke tunani da shi, domin wanda ke fama da faransanci ba ya samun bakin yin gardama.

Saura aiki ga makarantun horon malamai da masu tsara littattafai, su sa wannan darasi cikin tsarin koyarwa. Iyaye kuma su daina tsawata wa yaron da ya ce, "Baba, wa ya ɗauki wannan hoto?" Ƙasar da ta zaɓi dimokuraɗiyya tana bukatar masu irin wannan tambaya.

Allah ya sa a gane.