Farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, da maganar abincin keto

Yau daga gidanmu zan fara. 'Yar yayata shekararta 6, tana da farfaɗiya. An ba ta magani na farko, an canja na biyu, tana sha a kan lokaci, amma har yanzu tana faɗuwa. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan lalura haka suke. Rannan Yaya ta turo mini wani bidiyo daga TikTok wai keto na warkar da farfaɗiya, tana tambaya ko ta daina ba ta ƙwayoyin. Wallahi gabana sai da ya faɗi.

Maganar tana da tushe fa. Tun da daɗewa likitoci sun lura yunwa na rage bugun farfaɗiya. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara abincin da zai sa jiki ya ɗauka azumi yake: mai da yawa, sitaci da sukari kusan babu. Sai hanta ta riƙa juya mai zuwa wani sinadari, kiton, ƙwaƙwalwa ta rayu da shi. A 2008 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi kan yara 145 a Landan. Cikin waɗanda aka ware don bin tsarin, bayan wata uku kashi 38 cikin ɗari bugunsu ya ragu da fiye da rabi. Ku lura, raguwa na ce, kuma ba ga kowa ba.

To amma ku kawo shi cikin birni. Giram huɗu na mai a kan kowane giram ɗaya na sauran abinci mai gina jiki da sitaci, a auna a sikeli. Man shanu, man gyaɗa, ƙwai, kifi, ganye. Tuwo, koko, fura, taliya, duk an sallame su. Gurasa ma! Yarinyar da ke cin abinci a tire ɗaya da 'yan'uwanta bakwai, wadda in ta leƙa maƙota Hajiya za ta damƙa mata alawa don tausayi. Alawa ɗaya ta isa ta rushe aikin, har maganin ruwa mai zaƙi sai an duba. Ga taurin bayan gida, ga haɗarin tsakuwar ƙoda, ga tsayin yaro da kan yi jinkiri, shi ya sa sai da gwajin jini da masanin abinci.

Abin da na gaya wa Yaya: kar ki tsayar da ƙwaya ko ɗaya, tsayarwa farat ɗaya kan jawo bugun da ba ya yankewa. Mun sayi littafi mai shafi arba'in, tana rubuta ranar kowace faɗuwa da tsawonta. Da shi za mu je wajen likitan ƙwaƙwalwar yara a Asibitin Malam Aminu Kano, mu tambaye shi da bakinmu ko ta cancanci wannan tsarin, kuma wa zai tsaya mana a kai.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.