Hasken da Ke Tona Asirin Jabu



A shekarar 1928, a birnin Kalkata na Indiya, C. V. Raman ya gano cewa idan haske ya faɗa kan abu ya warwatsu, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan sāke launi gwargwadon motsin ƙwayoyin abin. Kowane sinadari da tasa alama, tamkar zanen yatsa.

Da wannan dabara masana ke bambanta lu'ulu'u da gilashi, su kuma binciki ƙwayoyin halitta ba tare da lalata su ba. A nan Nijeriya, hukumar NAFDAC ta yi amfani da ita wajen gano jabun magunguna, waɗanda ke halaka marasa lafiya. Don haka ina roƙon ɗaliban kimiyya su rungumi wannan fanni.